Yadda Aka Koyi Miƙe Murɗaɗɗiyar Ƙafa da Hannu

Duk wanda ya taɓa ganin jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa ba zai manta ba. Tafin ƙafar ya juya ciki, yatsun sun sunkuya, diddigen ya ɗage sama kamar an ja shi da igiya. In ka kama ka ce za ka miƙe ta, sai ka ji ta cije. Shi kuwa jaririn barcinsa yake sha, domin a lokacin ba ta yi masa ciwo. Wahalar tana gaba, ranar da zai tashi ya fara takawa. A kan gefen ƙafar zai riƙa tafiya, wani ma a kan bayanta, har wurin ya yi kanta mai kauri, kantar ta tsage, ƙasa ta shiga. Takalmin kasuwa ba ya shigarsa. Makaranta in da nisa sai a haƙura, daga nan kuma mun san inda hanyar ke yawan ƙarewa: bakin titi da ƙoƙon bara.

Cikin kowane jarirai 800 zuwa 1,000 akan sami ɗaya da wannan lalura, wato yara kusan 200,000 a duniya kowace shekara, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ake haifarsu. Maza sun ninka mata sau biyu, rabin yaran kuma ƙafafu biyun ne ke murɗewa. Mutane kan haɗa ta da shan inna, amma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Shan inna ƙwayar cuta ce da ke kama yaro bayan an haife shi, wannan kuwa da ita yake zuwa daga ciki. Kuma ba laifin uwa ba ne. Ba wani abu ta tsallaka ba, ba fitar dare ta yi ba, duk da cewa a ƙasashe da yawa ita ake ɗora wa zargin.

Neman maganinta ya tsufa. Likitan nan na Girka, Hifokratis, wanda Larabawa ke kira Abuƙraɗ, ya rubuta tun shekaru kusan 2,400 da suka wuce cewa a fara da wuri, a riƙa lallaɓa ƙafar da hannu, a ɗaure ta da ƙyalle. Ya kusa gano gaskiya, amma waɗanda suka biyo baya haƙurinsu bai kai nasa ba. A ƙarni na 19 har wani maƙulli na ƙarfe aka ƙera a Ingila, wanda ake danne ƙafar yaro da shi a murɗa da ƙarfin tsiya. A 1831 wani likitan Jamus, Stromeyer, ya fara yanke agara ta ɗan ƙaramin rami a fata, kuma wani likitan Ingila mai suna William Little, wanda shi kansa ƙafarsa ke da nakasa, ya je aka yi masa a 1836, ya dawo Landan da dabarar. A shekarun 1930 Hiram Kite na Atlanta a Amurka ya koma ga lallashi da ɗaurin filasta, sai dai nasa yakan ci watanni da yawa, kuma sau da yawa ƙafar ba ta gama miƙewa. Da aka zo shekarun 1970 sai tiyata ta ci kasuwa: a buɗe ƙafar jariri ta baya da ta ciki, a saki jijiyoyi, a jera ƙasusuwa, a soke su da ƙarfe. Ƙafar takan fito gwanin sha'awa a ido. Bayan shekara ashirin sai ta sandare, ta yi rauni, ta riƙa ciwo.

Mutumin da ya ga wannan tun kafin ya zama ruwan dare ɗan gudun hijira ne. An haifi Ignacio Ponseti ranar 3 ga Yuni, 1914, a tsibirin Minorka na ƙasar Sifen. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, kuma duk wanda ya san wannan sana'a ya san abin da take koya wa yatsu: taɓa ƙaramin abu ba tare da an ɓata shi ba. Ya gama karatun likita a Basalona a 1936, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, ya shiga yana ɗorin sojojin ɓangaren jamhuriya da suka karye. Da aka ci su da yaƙi a 1939 ya tsallaka duwatsu zuwa Faransa tare da majinyata, daga can ya wuce Meziko, ya yi shekara biyu yana likitan ƙauye. A 1941 ya isa Jami'ar Iowa a Amurka don ya ƙware a aikin ƙashi a hannun Arthur Steindler.

A can ne ya bi sawun mutanen da aka yi wa tiyatar ƙafa shekaru da dama kafin zuwansa, abin da ya gani kuma bai yi masa daɗi ba. Sai ya koma tushe. Ya yi ta nazarin ƙafafun jariran da aka haifa ba rai, yana duba yadda kowane ƙashi ke motsi a kan ɗan'uwansa. Ya gano cewa akwai ƙashi ɗaya da ke zaune a ƙarƙashin ƙwauri, wanda likitoci ke kira talus, kuma sauran ƙafar duk a ƙarƙashinsa ta juya ta shige ciki. Don haka in aka dafe kan wannan ƙashi da babban yatsa, aka tura sauran ƙafar waje a hankali, ƙashin diddige da kansa zai zame ya koma mazauninsa. Kuskuren Kite shi ne yana dafe wani wuri da ke kusa da diddigen, sai ya tare masa hanya. Tazarar wuraren biyu ba ta wuce faɗin yatsa ba, amma ita ce ta raba wata biyu da shekara guda na jinya.

Ga yadda aikin yake, tun daga wajen 1948 har yau. Uwa na riƙe da ɗanta a cinya, sau da yawa ma yana shan nono. Mai aikin ya kama ƙafar ya lallaɓa ta kamar minti ɗaya, ba tare da ya sa yaron kukan zafi ba, sannan abokin aikinsa ya naɗa auduga ya bi da filasta, abin da mutanenmu ke ce wa siminti, tun daga yatsu har saman cinya, gwiwa a lanƙwashe don kada ɗaurin ya zame. Ɗaurin farko yakan tayar wa iyaye hankali, domin ana ɗaga gefen babban yatsa ne, sai ƙafar ta yi kamar ta ƙara murɗewa. Bayan mako guda a cire, a ƙara turawa kaɗan, a sake ɗaurewa. Jijiyoyin jariri suna miƙewa in an ja su a hankali, kuma cikin kwanaki kaɗan su shirya karɓar wani jan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗauri biyar zuwa bakwai yakan isa. Saura agara, wadda ita ba ta jin lallashi: a yawancin yara sai an yi allurar kashe zafi an ɗan yanke ta da bakin aska, ko ɗinki ba a yi, a sa ɗauri na ƙarshe na mako uku, ta haɗe da kanta da tsawon da ya dace. Daga nan sai takalmi: sawu biyu haɗe da sandar ƙarfe, masu riƙe ƙafafun suna kallon waje. Wata uku dare da rana, ban da lokacin wanka, sannan lokacin barci kawai har yaro ya kai shekara huɗu ko biyar. In an bi wannan daidai, fiye da tara cikin goma na ƙafafun suna miƙewa.

Ponseti ya wallafa sakamakonsa a 1963 tare da Eugene Smoley, a kan yara 67 da ƙafafu 94. Duniyar likitoci ta karanta ta wuce. Shekara talatin da wani abu hanyar ta zauna kusan a Iowa kaɗai, alhali a sauran duniya ana ta yanka ƙafafun jarirai. Wannan ɓangaren tarihin yana ci mini rai. Wasu sun gwada suka kasa don ba su koya daidai ba, suna yin ɗauri iya gwiwa ko suna dafe wurin da bai kamata ba. Amma akwai kuma son zuciya irin na sana'a: likitan da ya shekara goma yana koyon wuƙa ba ya jin daɗin a ce masa auduga da filasta sun fi wuƙarsa, balle a ƙasar da tiyata ta fi kawo kuɗi da suna.

Ponseti ya yi ritaya a 1984, ya dawo bayan shekara biyu don ya ci gaba da duba jarirai. A 1995 abokan aikinsa Cooper da Dietz suka nemo mutum 45 da ya yi wa jinya suna jarirai, a lokacin matsakaicin shekarunsu ya haura talatin, suka tarar 78 cikin 100 ƙafafunsu na aiki da kyau, kusa da abin da aka samu a waɗanda aka haifa lafiya, wato 85 cikin 100. A 1996 ya fitar da littafinsa yana da shekara 82. Amma iyaye ne suka karya shingen. Intanet ta fara shiga gidaje, iyaye mata da aka sa wa ranar tiyata suka riƙa gaya wa juna cewa akwai wani tsoho a Iowa mai gyara ƙafa da hannu. Suka riƙa ɗaukar jarirai suna zuwa, suna komawa gida suna nuna wa likitocinsu ƙafar. Likitoci irin su John Herzenberg na Baltimore suka gwada, suka gani, suka fara koyar da wasu.

Duk wannan a ƙasar masu hali ake yi. Labarin talaka a Yuganda ya fara.

Norgrove Penny likitan ƙashin yara ne daga Kanada, ya je Yuganda a 1996 a ƙarƙashin ƙungiyar agaji ta CBM. Ya tarar da dubban yara da suka girma da murɗaɗɗiyar ƙafa, ya duƙufa yana tiyata, amma kafin ya gama da ɗaya an haifi wasu. Ƙasar ba ta da likitocin ƙashi sai 'yan ƙalilan, kusan duk a Kampala. Sai ga Shafique Pirani, wanda a Yuganda aka haife shi, yana cikin 'yan asalin Asiya da Idi Amin ya kora a 1972, ya zama likitan ƙashi a Jami'ar British Columbia. Ya koma ƙasar haihuwarsa a 1998, ya riga ya karɓi hanyar Ponseti, suka haɗu da Penny. Abin da suka fahimta shi ne ya sauya komai: aikin nan ba ya bukatar ɗakin tiyata, ba ya bukatar allurar barci ko na'urar hoton ƙashi. Hannu ne da aka koyar, da filasta, da bokitin ruwa. Yuganda kuwa tana da wasu ma'aikata da ake kira jami'an ƙashi, waɗanda ba likitoci ba ne amma su ke ɗorin karaya a asibitocin gundumomi, kuma filasta ba baƙonsu ba ne. A 1999, da tallafin ƙungiyar Rotary, aka fara koyar da su.

Pirani ya kawo wani ma'auni mai sauƙi da har yau ake amfani da shi: alamomi shida a ƙafa, kowace a ba ta sifiri, ko rabi, ko ɗaya. Ƙafar da ta fi tsanani makinta shida. Ma'aikaci a ƙauye zai rubuta makin kowane mako ya ga ko yana sauka, ya kuma san lokacin da ya kamata a yanke agara.

Takalmin ne ya so ya gagara. Wanda ake sayarwa a Amurka kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, ga shi yaro na girma ana sauya masa lamba. Wani ɗan ƙasar Holan mai aikin gashin ƙashi, Michiel Steenbeek, shi ma ma'aikacin CBM, ya zauna da masu sana'ar hannu a gidan kula da yara na Katalemwa a Kampala, suka fitar da nasu. Fata ce aka ɗinka ta zama takalmi mai buɗaɗɗen baki da igiyar ɗauri, da ɗan rami a bayan diddige don uwa ta leƙa ta tabbatar diddigen ya zauna ƙasa. An kafa sawun biyu a kan faranti, an yi musu walda a bakin rodi mai tsawon faɗin kafaɗun yaron. Kuɗinsa bai kai dala 10 ba. Baduku da mai walda na kowace kasuwa za su iya yinsa in an ba su zane, kuma Steenbeek ya bar zanen kyauta ga duk mai so. A ganina wannan takalmi bai gaza littafin Ponseti daraja ba a tarihin nan, domin in ba shi, duk ƙafar da aka miƙe komawa za ta yi.

Daga baya aikin ya zama shiri na shekara shida da kuɗin gwamnatin Kanada, tare da Jami'ar Makerere da Ma'aikatar Lafiya ta Yuganda, wadda ta amince da hanyar Ponseti a dukkan asibitocinta. Zuwa watan Maris na 2008 an horar da ma'aikatan lafiya 798, asibitoci 21 na yin aikin, kuma an shigar da darasin cikin manhajar makarantun likita da na ma'aikatan jinya. An koya wa ungozomomi su duba ƙafar kowane jariri. Wannan agaji ya bambanta da wanda aka saba gani, inda likitoci baƙi kan sauka mako biyu su yi tiyata su tafi, a bar yaro da tabo ba mai bibiya. A nan baƙin sun koyar, sun ja gefe, aikin ya zauna a asibitin gwamnati a hannun 'yan ƙasa.

Malawi ta biyo baya. A Balantaya, inda asibitin Beit CURE ya buɗe a 2002, binciken da aka wallafa a 2005 ya nuna jami'an ƙashi da ba likitoci ba sun miƙe ƙafafu 98 cikin 100. Ƙungiyar Global HELP ta Lynn Staheli ta buga ɗan littafin koyarwa mai hotuna a 2003, aka fassara shi zuwa harsuna da dama ana rabawa kyauta. A Afirka ta Kudu wata uwa, Karen Moss, da ta kai ɗanta Iowa, ta dawo ta kafa ƙungiyar STEPS a 2005. Ƙungiyar CURE International ta buɗe shirin murɗaɗɗiyar ƙafa a 2006, wanda ya zama ƙungiya mai zaman kanta da sunan Hope Walks a 2019. A Bangaladesh wani ɗan Ostireliya, Colin Macfarlane, ya fara shirin Walk for Life a 2009, ya baza wuraren jinya a gundumomi don kada uwa ta yi doguwar tafiya. Wasu iyaye a Amurka suka kafa ƙungiyar MiracleFeet a 2010. Likitocin Birazil da Nepal kuma suka nuna cewa ko yaron da ya riga ya fara tafiya, har mai shekara shida ko tara, ɗauri na iya miƙe ƙafarsa ko ya rage girman tiyatar da za a yi masa.

Ponseti ya ga farkon wannan yaɗuwa da idonsa. Yana zuwa ofis har ƙarshen rayuwarsa, ya rasu ranar 18 ga Oktoba, 2009, yana da shekara 95. Ranar haihuwarsa, 3 ga Yuni, ita aka mayar ranar tunawa da wannan lalura a duniya.

Sai dai kada a ɗauka an gama. Lokacin da gamayyar ƙungiyoyin, Global Clubfoot Initiative, ta fitar da shirinta a 2017, yaran ƙasashe masu tasowa da ke samun jinyar ba su wuce kashi 15 cikin 100 ba, burin kuwa shi ne a kai kashi 70 nan da 2030. Kuma ko a inda asibiti yake, an gano tun a Yuganda da Malawi cewa miƙe ƙafar ne mai sauƙi. Da aka tambayi iyaye a Yuganda me ke sa su daina zuwa, amsoshin duk wanda ya san zaman karkara ya san su: kuɗin mota kowane mako, sauran yara a gida, aikin gona, da maigida da bai ga dalilin kashe kuɗi ba. Wani lokaci uwa ta sha hanya ta iso a ce mata filasta ya ƙare. Sannan ga shekara huɗu na takalmi. Yaro zai yi kuka daren farko da na biyu, kaka ta ce a cire wa yaron nan ƙarfe ana azabtar da shi, ga ƙafa ta riga ta miƙe kowa na gani. Goyo ma sai an sake koyonsa, don sandar tana tsakanin ƙafafu. In aka ajiye takalmin, mafi yawan lokuta ƙafar takan koma, a hankali, ba wanda ya lura sai ta yi nisa. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka daɗe a fagen suka koma ɗaukar ma'aikaci na musamman a kowane asibiti, wanda aikinsa kawai ya zauna da iyaye, ya bayyana musu, ya buga waya in sun ɓace, wani lokaci har ya bi su gida. Kuɗin da ake kashewa a kan wannan mutum ya fi wanda ake kashewa a bikin buɗe gini amfani, ko da yake ba ya kyau a hoto.

Tarihin ya iso ƙofarmu. A Yamai, CURE ta buɗe asibitin yara a 2010, kuma gyaran ƙafa na cikin manyan ayyukansa. A Nijeriya likitocin Asibitin Koyarwa na Ile-Ife na cikin waɗanda suka fara yaɗa hanyar, MiracleFeet kuma na tallafa wa asibitoci ta hannun ƙungiyoyin cikin gida. Ƙasar da ake haifar jarirai sama da miliyan 7 a shekara, in aka yi lissafi, tana samun sabbin yara 7,000 zuwa 9,000 masu wannan lalura duk shekara, kuma kaso mai yawa na haihuwar Arewa a gida ake yinta, inda ungozoma da kaka ne farkon masu ganin ƙafar. Muna da maɗora, muna da dukawan da fatarsu ta yi suna tun zamanin fatauci, muna da masu walda a kowane lungu. Abin da Kampala ta yi da nata bai fi ƙarfin Kano ko Zinder ba.

Don haka in an yi haihuwa a gidanku ko a maƙwabta aka ga ƙafar jariri ta juya ciki, kada a ɓoye ta cikin zani, kada a jira arba'in, kada kuma a bari a murɗa ta da ƙarfi. Da an yi suna a kai shi asibitin ƙashi irin na Dala a Kano, ko asibitin koyarwa mafi kusa, a tambayi inda ake ɗaurin Ponseti. Maigida ya tanadi kuɗin mota na mako shida zuwa takwas, ya kuma tsaya wa matarsa a kan takalmin dare har yaron ya cika shekara huɗu.